Takwas a Taga, Uku Masu Ɗumi

Shafi na 19

Masu cewa na bar Yowel a rana kwana uku, ku yi haƙuri, yau zai shiga.

Ranar Talata ce, ashirin da ɗaya ga watan huɗu, shekarar 1998. Tun da hantsi zafin bazara ya kwanta a kan Madarumfa, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Can gabas hadari ya ɗan haɗu kamar da gaske, irin wanda ke sa manomi ɗaga kai, sannan ya watse ya bar shi da gumi.

Su bakwai ne a kan benci a ƙofar biro, wato ofishin furojen noman rani. Furojen ya kawo kwamfuta ɗaya daga Yamai, yana neman wanda zai zauna a gabanta. Mutum ɗaya tak.

Yowel ɗan Manasse shi ne na huɗu. Rigarsa ta Lahadi ya sa, fara mai dogon hannu, wadda innarsa ta goge da dutsen gawayi. A kan cinyarsa ga dipulom ɗinsa cikin leda, mai tambarin ruwan zinariya a gefe. Lokaci-lokaci sai ya shafa ledar kamar mai lallashin jariri.

Shekara huɗu ke nan da barinsa lakwal, makarantar boko. Ba abin da bai taɓa ba. Ya yi kamun kifi a tafki, ya yi dakon jarkar fetur daga Jibiya, ya zauna wurin mai gyaran rediyo wata biyu ya tashi. Ko'ina ya je sai ƙafarsa ta yi ta ƙaiƙayi. Wannan ne karo na farko da ya so ya zauna wuri ɗaya. In ya samu kujerar nan, zai tsaya a garinsu, ya tura dattawa gidan su Febi. In bai samu ba, ya riga ya yi magana da Sule direba, wanda motarsa ke tashi Kano gobe da asuba.

Febi kuwa ita ce ta shida a kan wannan bencin. Mutum ɗaya ne a tsakaninsu, wani ɗan garin Safo mai ƙaton agogo. Tun da ta zo ta gaishe da kowa a dunƙule, ba ta dubi Yowel ba. Ba leda a hannunta, ba tambari. Wata 'yar takarda ce kawai a ninke cikin littafin waƙoƙin majami'a.

Ya saci kallonta. Ɗankwalin nan ne mai ruwan ganye da take ɗaurawa ranar da suke tsayawa kusa da juna cikin mawaƙa. Ya kawar da kai.

Ranar da aka je zaɓen makaranta a Maradi ta faɗo masa. Su uku suka je, shi da Febi da babansa. Makarantu biyu suka duba. Ta farko garejin mota ce a bayan gidan wata tsohuwar sakatariya, Madam Elizabet. Kwamfuta biyu, keken rubutu huɗu, ɗalibai shida. Ta biyu kuwa Cibiyar Hasken Zamani ce ta Mushe Adamu (haka ake ce wa malamin boko da Faransanci), a bakin titi, da allo mai fenti, da fanka, da kwamfuta takwas jere a taga yadda duk mai wucewa zai gani.

Yowel ya ƙirga su sau biyu. Takwas.

Baba Manasse bai ƙirga ba. Shi mai lambu ne, ya saba da injin ban ruwa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a bayan kowace.

"Mushe, ukun ga na da ɗumi. Biyar ɗin ga sanyi ƙalau."

Mushe Adamu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ai ba jaki ba ne da za a shafa. Hutar da su mukai saboda zahi, bi da bi suka aiki."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe Yowel, ya ja hannun rigar babansa zuwa waje.

"Baba, don Allah ka bar taɓa masu kaya."

"Ni dai na ji sanyi," in ji tsohon. "Amma kai ka yi boko, ka hi ni sani."

Satin nan Baba Manasse ya sayar da jakinsa da amalanken.

"Na huɗu!"

Yowel ya miƙe.

Ɗakin ba faɗi. Malam Abdurrahman, mataimakin shugaban furojen, dattijo ne mai furfura a gemu da tabarau a kan karan hanci. Ya karɓi dipulom ɗin, ya ɗaga shi wajen haske.

"Kai, samari. Takardar ga ta hi ta gwamna kyau. Ina anka yi ta?"

"Hasken Zamani, Mushe. Maradi."

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"An rubuta nan ka samu sakamako mahi girma."

"Haka ne, Mushe. Ni kaɗai na same shi a ajinmu."

"Madalla. To bisimilla, zamna."

Yowel ya zauna. Ya dubi gilashin kwamfutar.

Shi baƙin gilashi ya sani, mai ɗan ɗigo yana ƙiftawa a sama, sai ka buga haruffa biyu ya koma shuɗi. Wannan kuwa launi ne kore-kore, da wasu ƙananan hotuna a warwatse kamar kayan talla a faifai. Ya jira ɗigon ya fito. Bai fito ba.

"Buɗe mamu wurin rubutu."

Yowel ya ɗora yatsu a kan haruffa, ya janye.

Malam Abdurrahman ya turo masa wani ɗan abu mai doguwar wutsiya.

"Ga suri nan. Da shi za ka buɗe."

Ya taɓa ganinsa. Mushe Adamu ya zana musu shi da alli a allo, ya ce wannan sai a mataki na biyu. Yowel ya ɗauke shi daga kan tebur, ya riƙe a sama, ya auna gilashin da shi.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya kama hannunsa a hankali ya mayar da shi kan tebur, ya buɗe wurin da kansa.

"Ba komai. Mu ga hannunka. Sa sunan gari da kwanan wata, sannan in karanta maka wasiƙa."

Nan Yowel ya ja numfashi. Wannan kam fagensa ne. Wata huɗu yana buga yatsu a kan kwalin sukari da aka zana wa haruffa, a aji, a tasha, a ɗakin kawunsa na Maradi, har kwalin ya huje sau biyu. Duk ajin ba wanda ya kama ƙafarsa. Ya gyara zama, ya kafa ido a bango don a ga ba ya duban hannu, ya saki yatsu.

Ƙarar ta cika ɗakin kamar ruwan farko a kan kwano. Malam Abdurrahman yana karantawa, shi yana bi, har yana riga shi. A ransa ya ce da ma taga a buɗe take, Febi ta ji.

"Dakata, samari. Dubi gilashin."

Ya duba.

A inda ya kamata sunan garinsu ya fito, ga abin da ke zaune: ?qdqrounfq.

Layi shida a ƙasa, duk haka suke.

Ya sunkuya ya dubi haruffan da ke ƙarƙashin yatsunsa. Harafin da ɗan ƙaramin yatsansa ya yi wata huɗu yana sauka a kai ba shi ba ne a wurin.

"Mushe, injin naku ya samu matsala. An juya haruffan."

"Ba a juya komai ba. Wanga na Faransanci ne, shi ke cikin kowane biro na ƙasar ga. Naku daga ina anka kawo su?"

"Kano."

"To ka gani. Can Ingilishi suka bugawa, jerin nasu daban ne. Ba a hwaɗa maku ba?"

Yowel ya girgiza kai.

"Wanga ba babban abu ba ne, hannu shina sabawa. Hiddo man shi a takarda yadda shike."

Wannan ma ya sani, maɓallai ne ake dannawa bi da bi. Su ashirin da shida suke rera shi kowace safiya da murya ɗaya, kamar 'yan aji biyu na haddace lissafi. Shif, ef bakwai, ɗaya. Shif, ef bakwai, ɗaya. Bai san leɓensa na motsi ba.

"Mi kaka karantawa?"

"Hanyar hidda takarda, Mushe."

Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a gilashin da rubutun da bai taɓa gani ba. Injin buga takarda da ke gefe bai ko yi tari ba. Ya sake dannawa. Ya sake.

Malam Abdurrahman ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Samari, in tambaye ka tsakani da Allah. Ka taɓa ganin takarda ta hito daga inji da idonka?"

"Muna da injin," in ji Yowel da ƙyar. "Tawada ce ta ƙare. An aika Kano."

"Wata huɗu ana jiran tawada?"

Dattijon ya gyara zama, ya sake jefo wata tambayar.

"Sau nawa kaka zama gaban injin da ke kunne?"

"Talata da Juma'a. Minti ashirin. In akwai kuran, wutar lantarki."

"In babu fa?"

"Sai mu rera."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da dipulom ɗin cikin leda da kansa, ya miƙa masa da hannu biyu. Da ya jefo masa ne da ya fi sauƙi.

"Saurin hannunka ban taɓa ganin irinshi ba. Amma bisa tudu anka koya maka iyo, ɗana. Ka gaida gida."

Yowel ya fito. Ɗan Safo ya miƙe yana gyara agogo. Febi ta ɗago kai a karo na farko, idonsu ya haɗu. Bai tsaya ba.

Bai nufi gida ba. Ƙafarsa ta kai shi bakin tafki, gindin tsamiyar da ke kusa da lambunsu.

Ruwa ya ja baya sosai, ya bar laka tana tsattsagewa. Balbelu na tsaye a ciki sun yi jugum. Daga nan yana hango lambun. Fangalan ƙasa na kusa da ruwa suna da sauran kore. Na tudu kuwa, waɗanda da jaki ke kai wa duron ruwa, sun bushe tun watan biyu, sai karan da aka kafa wa tumatir ke tsaye. Baba ya yi ta ɗauka da gwangwani a kafaɗa har bayansa ya ƙi.

Ya zauna nan har aka kira azahar a masallacin masunta, aka idar, inuwa ta juya.

"Na san nan za ni iske ka."

Bai waiwaya ba.

"Barka da zuwa, Madam Sakatariya."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Tahiyarki."

Febi ta cire takalmi ta zauna a kan saiwar tsamiyar, ba kusa ba, ba nesa ba.

"Litinin za ni fara."

"Allah shi sa albarka."

"Amin. Ka ci abinci?"

"Na ƙoshi."

"Da mi? Da rana?"

Ta miƙo hannu.

"Ba ni takardar in gani."

"Ki yi dariya?"

"Yowel, ba ni."

Ya tura mata ledar ta ƙasa. Ta zaro dipulom ɗin, ta riƙe shi a gefe-gefe don kada gumi ya taɓa. Ba ta karanta ba. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da ake yi wa abin da aka sani.

"Ni na buga ta."

"Kika buga mi?"

"Takardar ga. Da hannuna."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Febi, yau ba ranar wasa ba ce."

"Mushe Adamu ba shi da injin buga takarda. Wanda kuka gani bisa teburinshi ya mutu tun kahin shi sayo shi. Duk abin da zai buga wurin Madam Elizabet shika kawowa, ta ƙofar baya, da tsakar rana lokacin da kuka tashi. Ya kawo jerin sunaye, Madam ta ce in buga don in koyi yin ado a takarda. Tambarin ga na zinariya a leda shika sayenshi kasuwa, ni na lilliƙa."

"Ƙarya ne."

"Ashirin da shida na buga."

"Ai sai shi kawo sakamako bayan jarrabawa. Mi ye laihi ciki?"

"Sati uku kahin ku yi jarrabawar."

Yowel ya girgiza kai.

"Amma ni kaɗai na samu mahi girma. Ya kira ni biro, ya rufe ƙofa, ya ce kar in nuna wa sauran don kar ransu shi ɓaci."

Febi ta sunkuyar da kai.

"Kowa haka ya ce mashi. Duka ashirin da shida iri ɗaya ne. Suna kaɗai nika canzawa."

Yowel ya yi wata irin dariya da ba ta da daɗin ji.

"Har Ɗan Azumi? Wanda ke barci bisa kwali?"

"Har shi."

Ya tsinci dutse ya jefa cikin laka. Balbela ɗaya ta tashi ta sake sauka.

"Sauran injinan fa? Biyar ɗin da anka ce suna hutawa?"

"Mai gyaran injinan Madam ya taɓa buɗe su. Ya ce ba hanji ciki. Kaza ma sai ta shiga ta yi ƙwai."

Ya rufe fuska da tafukan hannu. Abin da ya gani a cikin duhun shi ne hannun babansa, mai kaushi da tsagar ruwa, a kan bayan injin, da kuma nasa hannun yana jan rigar tsohon.

Da ya buɗe ido, sun yi ja.

"Kin sani. Kin sani kika yi shiru."

"Ban yi shiru ba."

"Yaushe kika hwaɗa man?"

"Lahadin da anka yi baftisma. Bayan sujada na same ka gindin darbejiya, na ce ina da magana. Mi ka ce man?"

Ya tuna. Bai so ya tuna ba.

"Hwaɗi mana. Ko in tuna maka? Ka ce in maganar garejinmu ce in riƙe abina. Ka ce 'yan gareji in sun gama sai su buɗe wurin facin taya. Su Sila abokanka suka yi ta dariya har da tafawa."

"Wasa nikai."

"Ni ban ji wasa ba. Kuka na yi har gida."

"To sai ki sake zuwa! Ki ja ni gefe, ki mare ni in ta kama!"

"In sake zuwa in ce mi? Sati uku suka rage. Jakin Baba ya riga ya kai wata uku a gidan wani. In na hwaɗa, mi zai dawo?"

Ta shafa gefen takardar da ɗan yatsa.

"Kai ne na goma sha tara a jerin. Da na zo kanka hannuna ya ƙi. Sau uku ina ɓata takarda. Madam ta ce, ke Febi, lahiya? Na hwaɗa mata ba ku ma yi jarrabawa ba. Ranar ta ce wa Mushe Adamu kar shi sake kawo mata aiki. Amma taka na riga na gama. Na ce tunda ba abin da zan iya yi maka, bari in buga sunanka da kyau."

Yowel ya dubi sunansa a hannunta. Ya zauna daidai a tsakiya, ba karkata.

"Don ke na so aikin ga," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na sani."

"To ga shi kin ɗauke."

"In ban ɗauka ba ɗan Safo mai agogo zai ɗauka. Gidansu za ka tura dattawan?"

Dariya ta so ƙwace masa, ya danne ta.

"Ke ta yaya kika gane? Rana ɗaya muka je, ido ɗaya muka duba."

"Kai taga ka duba. Ni na koma washegari. Na ce wa Madam ina so in zamna in gani kahin in yanke. Ta ba ni kujera kwana uku. Na ga kowa na zama gaban inji awa biyu kullum. Na ce a nuna man takardar da ɗalibi ya hiddo da hannunshi, anka nuna man. Na tambayi ina waɗanda suka gama suke, ta ba ni suna uku, na bi biyu har wurin aikinsu."

"Wurin Mushe Adamu fa?"

"Na je. Ya ce ba a kallo kyauta, nan ba gidan bidiyo ba ne."

Iska mai zafi ta taso daga kan laka, ta kwanta.

"Gobe za ni Kano," in ji Yowel. "Na yi magana da Sule."

"Ka yi mi can?"

"Abin da ya samu."

"Kamar Jibiya? Kamar gyaran rediyo?"

"Kar ki fara."

"Ba farawa nikai ba, tambaya ce. Shekara nawa za ni zamna ina jin labarinka a bakin direbobi?"

Ya dube ta. Wannan ne karo na farko da ta faɗi abu irin wannan da bakinta. Ita ma kamar ta ji abin da ta faɗa, ta ja bakin ɗankwali ta goge goshi.

"Kujerata ta zama wofi wurin Madam," ta ce da sauri. "Ɗaya ga wata za ta ɗauki mutum ɗaya. Na yi mata maganarka."

"In koma ɗan gareji."

"Ka koma. Wata ɗaya bisa keken rubutu, sai hannunka ya manta abin da ya haddace. Sannan inji. Malam Abdurrahman ya tambaye ni kai. Ya ce bayan damina za su buɗe biro a Gabi, kuma hannu irin naka bai kamata shi lalace ba."

"Baba ba shi da wani jakin."

"Madam ta ce ka share gareji, ka kai aikin mutane gidajensu bisa keke, ya isa. Amma da sharaɗi."

"Wane?"

"Ba ta ɗaukar ɗalibi sai uba ko uwa sun zo sun zamna. A kunna inji gabansu, a buɗe bayanshi su leƙa. Kuma in daga wata makaranta ka hito, kai da bakinka za ka hwaɗi abin da ya same ka can, suna ji."

Yowel ya miƙe tsaye.

"In kawo Baba Maradi? In tsaya gabanshi in ce hannunshi ya hi bokona?"

"Ai ya hi."

"Febi!"

"To ƙarya na yi?"

Ya karɓi takardarsa, ya cusa a leda ba tare da lallashi ba. Ta sa takalminta, ta kakkaɓe zane.

"Ni dai na hwaɗa wannan karon," ta ce. "Ba ka da bakin cewa na yi shiru."

Ta kama hanyar gari. Ya bi ɗankwalin da kallo yana ƙanƙancewa tsakanin shingayen lambu har ya ɓace. Sau ɗaya ta tsaya kamar za ta waiwayo. Ƙaya ce ta cire daga takalmi.

Rana ta yi sanyi kafin ya isa gida. A bakin tasha ya wuce motar Sule, an fara ɗaure mata kaya. Sule ya ɗaga masa hannu.

"Ɗan boko! In ajiye maka gaba ko baya?"

"Zan zo in hwaɗa maka."

"Kahin kiran salla nika tashi, ka sani!"

Tun daga ƙofar gida ya ji bugun guduma.

Baba Manasse na tsaye a kan turmi a cikin ɗakinsa, bayansa a ɗan karkace yadda ya koma tun watan biyu. Ya kafa ƙusa a bango, sama da kalandar majami'a. A kan gado ga wani katako mai kusurwa huɗu da gilashi a ciki, sabo, ƙamshin fenti bai bar shi ba.

"A'a, ga ma'aikaci! Shigo, shigo. Musa kafinta na sa ya yi, tun satin jiya nika ɓoyonshi ƙarƙashin gado. Ya ce in gilashi ya rufe ta ko gara ba ta taɓa ta."

Ya sauko daga turmin da ƙyar, yana dafa bango.

"Innarka ta ce in bari sai ka zo da labari. Na ce wane labari kuma? Yaron da ya hi mutum ashirin da biyar?"

Ya goge hannu a jikin riga, sau biyu, don kada ya ɓata takardar. Sannan ya miƙo shi.

"Kawo ta mu sa. Yaushe suka ce ka fara?"

Yowel ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu. Daga tasha ana jin Sule yana gwada hon. Hannun Baba na nan a miƙe.

Sai zuciyarsa ta kama ƙirga abin da takardar nan ta ci.

Wata huɗu.

Jaki ɗaya da amalankensa.

Fangali talatin na tumatir.

Bayan tsoho ɗaya.

Kujera ɗaya a biron furoje.

Lahadi bakwai da Febi ba ta tsaya kusa da shi ba.

Da gari ɗaya, in ya ɗauki jakarsa da asuba.